TSOHON ƘARFE MA SAI AN TATSE SHI?

Ya ku talakawan ƙasar Gumel, direbobi da kanikawa da yaran mota, manoma da fatake, ku ba mu aron hankalinku. Yau maganar tsohon ƙarfe ce ta kawo mu, kuma ba za mu rufe kowa ba.

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa take ci, ya ga abin da muke nufi da idonsa. Ga Golf ta ɗauko mutum goma da buhunan gero a sama, tana tafe tana tari kamar tsoho a hunturu. Ga Kanta ta ɗebo awaki ta mace a bakin hanya, yaron mota ya shige ƙarƙashinta yana ɗaurin waya. Waɗannan motoci duka sun girmi yaran da suke tuƙa su. Turawa sun gama cin moriyarsu tun tuni sun yar, mu muka tsinto. Amma su ne suke kai riɗinmu da zoɓonmu kasuwa, su ne suke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen Sule Tankarkar da tsakar dare su kai ta asibitin Gumel. Ran da ɗaya ta mutu, tukunyar gida guda ta daina hawa wuta.

Mai wannan rubutu yana da ƙane direba. Da damina injin motarsa ya buga a hanyar Gagarawa. Bakanike ya kwance ya duba, ya ce wannan ya wuce gyara, sai dai a nemo na Baljiyam. Ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya zaga rumfa rumfa, ya dawo hannu rabbana. Kuɗin da aka yanka masa na inji kaɗai ya doshi abin da ya sayi motar gaba ɗaya shekarun baya. Ya sayar da bijimin hudarsa, bai isa ba. Yanzu motar tana nan an ɗora ta a kan duwatsu a bayan gida, kaji suna ƙwai a kujerar baya, shi kuwa yana kamasho a tasha. Muka ce lalle ruwa ba ya tsami banza, bari mu bi sawun injin nan tun daga inda ya taso, mu ga wa ya ci kuɗin bijimin.

HANYAR DA INJIN YA BIYO

Ana kiran kayan nan Baljiyam domin daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp, a ƙasar Baljiyam, aka daɗe ana loda su. Yarbawa su ce tokumbo. Yanzu kuwa ana kawo su daga Jamus da Holan da Amurka da Kanada da Japan, da kuma Sharja ta ƙasar Larabawa, inda ake da unguwa guda ta masu yanka motoci. A can idan mota ta yi haɗari ko ta tsufa, sai a fiɗe ta kamar sa, a ware inji da giya da lagireto da shokazoba da kik da ƙofofi, a jibge su cikin kwantena mai ƙafa 40 har ta cika maƙil. A wurinsu shara ce. Kuɗin da mai saye yake biya a can shi ne mafi ƙanƙanta a cikin labarin.

Daga nan sai a fara cin kasuwarta. Mai jirgin ruwa ya karɓi nasa da Dala. Mai inshora ya karɓa. Ta yi makonni a teku, ta sauka Apapa ko Tin Can a Ikko. Kafin ta iso an riga an cika takardar Form M a banki, an nemi takardar ƙiyasin kwastan da ake kira PAAR. Masu kula da filin tasha suna da nasu kuɗin sauke kaya. Kamfanin jirgi yana da nasa, har da kuɗin ajiya na jinginar kwantenar kanta. Idan aka yi jinkirin fitar da ita, kowace kwana da tararta, ko da kuwa jinkirin daga ofis ya fito. Ejan mai fitar da kaya shi ma ba sadaka yake yi ba.

An fito daga tasha, saura tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Kano a bayan tirela, da man gas mai tsada, da shingen masu kaki iri iri waɗanda ba su san takarda ba sai wadda take da hoton mutum a jiki. Wani kayan ma sai ya fara sauka a kasuwar Ladipo ta Ikko an ci riba, kana ya hau zuwa Ƙofar Ruwa a sake ci, kana ya zo Gumel a bayan motar haya. Kowane hannu ya taɓa sai ya lasa. Na ƙarshe a layi, wanda ba shi da wanda zai ɗora wa, shi ne direban Gagarawa da fasinjansa.

LISSAFIN DA BA SU SON KU JI

To, bari mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan makaranta, bisa ƙa'idar da aka yi aiki da ita a 2024. Mu ƙaddara inji ɗaya an saye shi Dala 400, kuɗin jirgi da inshora Dala 100, watau ya iso bakin ruwa a kan Dala 500. Jadawalin fito na ƙasashen ECOWAS hawa biyar ne: babu ko kwabo, kashi 5, kashi 10, kashi 20, da kashi 35 cikin ɗari. Mu yi wa Gwamnati adalci mu ƙaddara injin nan a kan kashi 10.

Kwastan ba ta lissafi da Dala, sai ta juya ta zuwa Naira bisa farashin da Babban Banki ya ba ta. A farkon watan Yuni na 2023 farashin nan wajen Naira 422 ne. Aka saki Naira a cikin watan, ta yi ta gangarawa kamar guga ya tsinke, har a Fabrairun 2024 farashin kwastan ya haura Naira 1,500, ana canza shi sau da yawa a cikin wata ɗaya. Mutum ya loda kayansa da wani lissafi, kafin jirgi ya iso lissafin ya rushe.

A kan 1,500, injin Dala 500 ya zama Naira 750,000. Kuɗin fito 75,000. A kan kuɗin fiton kuma akwai ƙarin kashi 7, watau 5,250. Akwai kashi 1 na duba kaya da rabin kashi na ECOWAS, su biyu wajen 9,750. Sa'an nan a tattara duka, da kuɗin injin da kuɗin jirgin da kuɗin fiton, a ɗora musu harajin VAT kashi 7 da rabi, wajen 63,000. Ku lura da kyau, jama'a, harajin da ka biya ma sai ka biya masa haraji! Jimla ta haura Naira 150,000. Wannan inji ɗin, da tsatsarsa da baƙin mansa, a farashin 422 abin da za a biya masa bai wuce wajen 43,000 ba. Ba a ƙara masa fistin ko ɗaya ba, amma rabon Gwamnati ya ninka fiye da sau uku. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa Naira 70,000 ne. Watau fiton tsohon inji ɗaya ya cinye albashin lebura na wata biyu, har da ƙari.

Da shekara ta ƙare sai aka fito ana buga ƙirji, wai kwastan ta tara Naira tiriliyan 6.1 a 2024, alhali a 2023 tiriliyan 3.2 ta tara. Aka yi tafi, aka yi hoto. Mu kuwa muna tambaya, nawa ne a cikin kuɗin nan ƙwazo ya kawo, nawa ne faɗuwar Naira ta kawo? Naira ta faɗi a kan talaka, Gwamnati ta tsuguna tana tsintar riba a ƙarƙashinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai ishe su ba, a Fabrairun 2025 suka ɓullo da wani sabon kashi 4 a kan kuɗin kaya, aka yi musu ca, suka dakatar, suka sake dawo da shi, Ministan Kuɗi ya sake dakatarwa a Satumba. Wane ɗan kasuwa ne zai iya yanka farashi a ƙasar da doka take juyawa kamar wainar tanda? Sai ya ƙara kuɗi don tsoron gobe, tsoron nan ma direba ne zai biya shi.

Dattawanmu sun tuna zamanin haraji da jangali, lokacin da dagaci yake zuwa da dogari a ƙirga kan mutum da kan saniya, wanda ya kasa biya a shanya shi a rana. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, har da ƙasar Gumel, aka yi ta guɗa. Ashe harajin bai mutu ba, riga ya sake. Na da ka san ranar zuwansa, ka san fuskar mai karɓa, har a ba ka rasit. Na yanzu yana ɓoye cikin kuɗin mota daga Sule Tankarkar zuwa Gumel, yana cikin kwanon gero, yana cikin kuɗin akuyar da aka kai Maigatari. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba, tana biyan fiton Apapa duk ran kasuwa ba ta sani ba.

SUN CE WAI

Mun san amsar da masu manyan riguna za su bayar, mun sha jin ta a rediyo.

Sun ce wai ana tsaurara fito ne don a kāre masana'antun gida. Madalla. Ina masana'antun? A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, da Volkswagen a Ikko. Aka kafa Steyr a Bauci, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da ANAMMCO a Inugu. A wancan zamani malamin makaranta yakan karɓi bashi ya sayi mota sabuwa fil a leda. Aka zo da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, Naira ta karye, masana'antun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ajaokuta, wadda aka fara ginawa a 1979 don ta ba mu ƙarfen da za a ƙera kayan mota, har yau ba a hura babbar tukunyarta ba. A 2013 gwamnatin Jonathan ta kawo dokar motoci mai ɗora kashi 35 na fito da kashi 35 na ƙari, aka ce nan da 'yan shekaru kowa zai hau motar gida. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. Gaskiya ne ana harhaɗa 'yan motoci a Nnewi da Ikko da Kaduna, ba mu musa ba. Amma a nuna mana direba ɗaya a tashar Gumel da ya iya sayen ɗaya da guminsa. A kuma nuna mana masana'anta ɗaya tak a Nijeriya da take ƙera injin Golf ko giyar Hayis. Idan babu, to me ake kārewa? An kewaye fili da ƙaya, ba a shuka kome a ciki ba.

Sun ce wai tsohon kaya yana jawo haɗari. Mu ma ba mu ce a shigo da ruɓaɓɓen birki ba, kuma hana tsofaffin tayoyi da doka ta yi ba mu ja da shi. Amma direban da ya kasa sayen birkin Baljiyam mai kyau ba ajiye motar yake yi ba, yana da iyali. Jabu mai araha yake saye, ko ya ɗaure da roba ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Tsadar kayan gyara ita ce uwar haɗari, kuma wanda ya ɗora tsadar yana da hannu a cikin kowace gawa da aka kwasa a kwalta.

Sun ce wai Gwamnati sai da kuɗi. Haka ne. To, a fara da jerin gwanon motocin da suke shiga, masu baƙin gilas, waɗanda aka saya da kuɗin jama'a. A fara da manyan da ake yafe wa fito da takarda ɗaya daga Abuja. Mai shigo da kayan biliyoyi a yafe masa, mai jiran tsohon kafireta a matse shi. Wannan wane irin awo ne?

ƘOFAR GIDANMU A KULLE

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mu mutanen bakin iyaka ne. Tun kafin Ingilishi da Faransi su ja layinsu, fataken Gumel da na Damagaram kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi. Maigatari ƙofa ce da Allah Ya ba mu. Ku dubi yadda aka yi da ita.

Ran 1 ga Janairu na 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin. A Nuwamba ta hana kai fetur gidajen man da suke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutumin Maigatari ya koma sayen mai a galan kamar ɓarawo a garinsu. Sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Ba mu gama numfasawa ba, aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, gwamnatin Tinubu ta sake garƙame ƙofar, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk wannan rufewa da buɗewa, wa ya taɓa zuwa Maigatari ya tara jama'a ya ji ta bakinsu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Halattaccen ɗan kasuwa ya karye, ɗan fasa-ƙwauri kuwa ya samu kakarsa ta yanke saƙa, domin duk ran da aka rufe ƙofa kuɗin bin ɓarauniyar hanya hawa yake yi.

A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras fito a Maigatari, aka gina rumbuna, aka ce garin zai zama tashar duniya. Shekara fiye da ashirin ke nan. Bakanike nawa ne a Gumel ya taɓa sayen ko fulogi ɗaya da ya fito daga can? A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki ta Kano, aka ce kwantena za ta zo kai tsaye a biya fito a gida. Ga kuma layin dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Kano, ya ratsa Gagarawa, ya isa Nguru a 1930, don kwasar gyaɗarmu. Su da suka zo cin arzikinmu sun san jirgin ƙasa ya fi araha. Yaushe rabon da a sauke kayan talaka a tashar Gagarawa? Muna da iyaka, muna da dogo, muna da rumbuna, amma tsohon ƙarfenmu sai ya yi ɗawafin ƙasar nan duka a bayan tirela.

NAMU LAIFIN

Ba za mu tsawata wa na sama mu ƙyale na gida ba. Akwai 'yan kasuwar da suke tsinto injin da ya gama aiki a nan, su wanke shi da fetur, su fesa masa fenti, su rantse da Allah jiya ya sauka daga jirgi. Akwai kanikawan da suke haɗa baki da mai rumfa a raba riba a kan direban da ya amince musu. Wanda zalunci ya dama, ya juya ya zalunci na ƙasa da shi, ba shi da bakin kuka. Shugabannin kasuwa da na gareji su tsarkake gidansu, su sa doka a ba mai saye kwanakin gwaji a rubuce.

ABIN DA MUKE BUKATA

Na ɗaya, a sauke fiton kayan gyaran motocin haya da na noma, irin waɗanda ba a ƙera su a ƙasar nan, zuwa hawa mafi ƙanƙanta, a kuma cire musu VAT.

Na biyu, a tsayar da farashin Dalar kwastan na wata shida shida, a buga shi kowa ya gani, mai kaya ya biya bisa farashin ranar da ya cika takardarsa.

Na uku, a buga jadawalin fiton kayan gyara da Hausa, a manna shi a ofishin iyakar Maigatari da tashoshin mota, don kada a riƙa yanka wa mutane kuɗi da ka.

Na huɗu, kwantenar da aka biya wa fito a tasha kada kowa ya sake tare ta a hanya. Wanda ya tare a tuɓe masa kaki.

Na biyar, Gwamnatin Jigawa ta ware rumbuna a yankin Maigatari don kayan gyara, ta taimaki ƙungiyoyin direbobi da kanikawa na ƙananan hukumomin nan huɗu su haɗa kuɗi su yi odar kwantenarsu da kansu, a rage hannuwan da suke lasa.

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, ban da 'yan majalisar jiha da sanata. A majalisar nan ake yin dokar kuɗi kowace shekara, a nan aka yi dokar kwastan ta 2023. Ran da suka zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, kada ku yi musu ihu, kada ku jefe su. Ku kama hannunsu da ladabi ku kai su bayan gida, ku nuna musu motar da take kan duwatsu, ku tambaye su ranar da suka miƙe a majalisa suka yi magana a kanta. In sun faɗi ranar, ku rubuta. In sun yi shiru, ku ma kun san abin da za ku yi da babban yatsanku.

Mu dai mun faɗa, kuma za mu sake faɗa mako mai zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.